Maganin Makantar da Fara

Tudun Kanya, ta Haɗeja,
3 ga Yuli, 1988.

Zuwa ga ɗana Yakubu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya sanyin Ingila? Innarku tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya ƙare.

Bayan haka, albishirinka! Ka riƙe goron sai ka dawo. Yayarka ta zo gida goyon ciki, wata bakwai. Da baki ba zan iya gaya maka wannan ba, amma a takarda na iya. Mijinta Malam Haruna ne ya kawo ta daga Miga ranar Laraba. Ka san shekara goma sha biyu ke nan da aurenta, sau uku ana samu yana zubewa tun bai kai wata huɗu ba. Wannan karon Allah ya tsayar. Ni dai tun ranar ban san abin da nake yi ba. Shekaranjiya na tafi gona da fartanya biyu, na bar gorar ruwa a zaure. Ba ma magana da ita, ka sani, 'yar fari ce. Tun da aka haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba, kuma in na shigo tsakar gida sai ta shige ɗaki. Amma ina jiyo dariyarta daga zaure, sai in rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Wasiƙarka ta same ni. Sau huɗu na karanta ta, da yatsa a kan layi, yadda Malam Irmiya ya koya mana a ajin yamma lokacin da furfura ta riga ta cika mini gemu. Ga abin da na fahimta game da aikinka, ka gyara mini in na kauce. Idon fara ba ido ɗaya ba ne, ƙananan idanu ne masu yawa a manne kamar saƙar zuma. In haske ya shiga, jijiya ta farko ba ta taɓa ta biyu, akwai ɗan rata a tsakaninsu. Sai ta saki wani sinadari mai suna histamin, ya tsallaka da saƙo, kamar yadda Gambo mai fito yake tsallakar da mu kogi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ka ce in ya isa can, ba ya tayar da jijiya ta biyu, sa ta yake yi ta yi shiru, kuma da wannan shirun fara take gane haske ya zo. Ikon Allah ke nan.

Sunan nan histamin ya tsaya mini a rai. Ka ce shi ne dai wanda yake jikin mutum, mai kawo kumburi da ƙaiƙayi in rina ta yi harbi. Sai na tuna bara waccan da rina ta harbi Yayarka, wuyanta ya kumbura har numfashi ya nemi gagararta, da gwangwanin ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ka saya mata kafin ka tafi. Ka ce aikinsu tare wannan sinadari, kuma likita ya ce ta sha nan take in an harbe ta, sannan a garzaya da ita asibiti. Ta zo da gwangwanin, yana cikin fantekar Innarku.

To ga tambayata. Ƙananan fara sun ƙyanƙyashe a gonakin tudu, ba su yi fiffike ba tukuna, amma in ka taka ciyawa sai ka ga ƙasa tana tsalle. Gero bai kai gwiwa ba. In wannan ƙwaya tana tare histamin, kuma da histamin fara take gani, shin in an jiƙa ta an yayyafa musu ba za su makance ba? Makauniyar fara ai ba ta da wahalar kamu. Ka amsa mini da gaggawa, don na san takarda tana yin sati uku kafin ta iso ka, fara kuwa ba ta jira.

Ka gai da mai gidan da kake haya. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Abdulwahid.

Tudun Kanya,
27 ga Yuli, 1988.

Ɗana Yakubu,

Bayan gaisuwa da barka da Sallah, ina fata ka samu inda ka yi Idi a can. Mu mun yi lafiya. Yayarka tana nan ƙalau, ƙafafunta ne dai suka ɗan tasa, Innarku ta ce haka abin yake.

Yakubu, na yi wani abu, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa.

Ban jira amsarka ba. Fara ta cinye gonar Haladu maƙwabcinmu ta gabas a kwana uku, ta nufo tawa. Ran nan da Innarku da Yayarka suka tafi barkar haihuwa, na shiga ɗakin na buɗe gwangwanin. Ƙwaya talatin ce a ciki. Na ɗebi goma, na ce ranar kasuwa zan sayo in mayar. Da wani ne mai shi da na tambaya. Amma ta yaya zan tsaya gaban 'yar fari in ce ba ni maganinki?

Na yi yadda ka ce kuna yi a wurin aikinku, kashi biyu. Na kama fara na zuba a kwando biyu, na rufe kowanne da tsohuwar koma. Ɗaya na yayyafa musu ruwan ƙwaya, ɗaya ruwan randa zalla. Da sassafe ne. Bayan ɗan lokaci na gitta tafin hannuna a kan na ruwa zalla, suka yi ta tsalle suna dukan koma. Na gitta a kan na magani, ko motsi. Na sake, ko motsi. Na tafa hannu don murna. Ashe Haladu yana tsaye a bayana ta kan danga. Ya ce, Malam Abdu, me kake yi wa fara haka kamar mai tofi? Ni kuma daɗi ya kwashe ni, na gaya masa duka, har na ɗauko wasiƙarka na karanta masa.

Da na natsu da azahar sai wani abu ya dame ni. Kwandon magani a gindin kanya na ajiye shi, cikin inuwa da raɓa. Na ruwa zalla kuwa rana ta riga ta same shi. Kowane manomi ya san fara ba ta da kuzari da sanyin safiya, mata ma a lokacin suke kamunta. Na san wannan tun ina yaro, amma murna ta mantar da ni.

Washegari na sake, kwando biyu a jere cikin rana ɗaya. Na ce wataƙila goma ta yi kaɗan, sai na juye sauran ashirin ɗin. Yakubu, duka biyun tsalle suka yi. Na maganin ma sun fi ɗoki. Suna gani sarai. Na zauna a kan kunya da gwangwani a hannu, babu komai a cikinsa. Na zuba tsakuwa ƙanana a ciki don ya yi ƙara in an taɓa, na mayar cikin fanteka. Wannan tsakuwar ta fi komai ba ni kunya.

Na je na sami Haladu na ce masa abin bai yi ba. Ya yi dariya ya ce, a'a Malam Abdu, yanzu kuma rowa za a yi mana? Da idona na ga makafin fara. Ranar Sallah a filin Idi na ji shi yana ba mutanen ƙauyuka uku labari, wai ɗan Malam Abdu likitan ƙwari ne a Ingila, ya aiko da asirin makantar da fara, Turawa ne ba sa so a sani. Na yi ta cewa ba haka ba ne. Gwargwadon musun da na yi, gwargwadon yardar da suka yi.

Ranar kasuwa mai zuwa zan shiga Haɗeja in cika gwangwanin. Ka yi haƙuri da sa sunanka a bakin mutane da na yi.

Mahaifinka,
Abdulwahid.

Tudun Kanya,
9 ga Agusta, 1988.

Ɗana Yakubu,

Ina gaishe ka. Da fatan kana lafiya. Mu da sauƙi, sai dai ruwa. Tun farkon watan nan sama ba ta huta ba, kogi ya haura, fadama ta zama fari fat daga nan har inda ido ya tsaya. Hanyar mota ta yanke a wuri biyu. Sai da kwalekwalen Gambo ake fita, shi ne ma zai kai wannan takarda gidan waya.

Ban samu ƙwayar ba.

Kemis biyar na shiga a Haɗeja. Kowanne sai ya girgiza kai. Na ƙarshen ya ce, Baba, kai ma fara ce? Ai kun makara, tun kafin Sallah ta wuce aka kwashe, har da masu zuwa daga Guri da famfon feshi. Ya ce wani tsoho ne a Tudun Kanya ya samo laƙanin daga ɗansa. Na ce masa ni ne tsohon, kuma ƙarya ce. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, kai ne na uku da ya ce shi ne. Na tambayi masu tallar magani a faranti, babu. Motar da take kawo musu kaya daga Kano kuwa ruwa ya tsare ta.

A hanyar dawowa na sa Gambo ya tsaya a ɗakin shan magani na tsallaken kogi. Wata 'yar Filato ce take riƙe da shi yanzu, Sista Rifkatu, doguwa, ba ta da wasa. Ta ce sati biyu ke nan ƙarti majiya ƙarfi suna yi mata layi suna soshe-soshe, kowa wai ƙaiƙayi, har wani ya manta ya sosa hular kansa. Kafin ta gane dawar garin sun ƙarar mata da ƙwayar. Na gaya mata gaskiya tun daga farko. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, Baba, da geronka da 'yarka wanne ka shuka da wuya? Ta ce ƙwayar ma taimako ce kawai kafin a iso, mai irin wannan jiki allura ce take ceto shi, tana da ita, amma ba a ba mutum ya tafi da ita gida. Ta ce in kawo Yayarka kusa da ita ta zauna har ta sauka.

Da na dawo na gaya wa Innarku. Shekara talatin da uku muna tare, ban taɓa ganin ta dube ni haka ba. Ta buɗe gwangwanin, ta juye tsakuwar a tafin hannunta, ta miƙo mini. Can ta ce kada yarinyar ta ji. Ta ce faɗuwar gaba ce ta zubar da na biyun, ranar da aka ce motar su Malam Haruna ta kife. Don haka yanzu mu biyu muke ɓoyewa.

Ka san damina lokacin rina ce, ruwan nan kuma ya koro kowane ƙwaro zuwa tudu. Kullum da sanyin safiya ina zagaya gidan da hayaƙin ƙaiƙayi da sanda. Sheƙa goma sha ɗaya na kakkaɓe, a ƙarƙashin rumbu, a jikin zana, a bakin rijiya. In ta fito alwala ina zaure ina leƙe ta kafar asabari, in wani abu ya gitta ta kusa da kanta sai numfashina ya tsaya. Jiya ƙuda ne kawai, amma sai da na miƙe tsaye.

Na yi magana da ƙanwar Innarku da ke aure a tsallake, za ta ba su ɗaki. Innarku ta ce wa Yayarka saboda awo ne. Yayarka ta ce to, ba ta tambayi komai ba. Gambo ya ce igiyar ruwa tana da ƙarfi a tsakiya, a bari ta ɗan kwanta, ranar Juma'a zai ɗauke su. Yau Talata. Kwana uku.

Fara kuwa ruwa ya ci rabinta, sauran ta yi fiffike ta yi arewa. Haladu yana cewa feshinsa ne.

Ka taya mu addu'a. Har yanzu amsarka ba ta zo ba.

Mahaifinka,
Abdulwahid.

Ɗakin shan magani, tsallaken kogi,
Juma'a, 12 ga Agusta, 1988.

Yakubu,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, a bayan takardar da Sista ta yago mini.

Ba mu kai Juma'ar ba. Jiya da hantsi Yayarka tana haɗa kayan tafiya, ta miƙa hannu ta sauko da tsohuwar gorar nan da ke rataye a rumfar girki, wadda kake zuwa makaranta da ita. Kullum ina wuce ta da sandata. Ban taɓa leƙa cikinta ba. Ashe rina ce a ciki, biyu suka harbe ta, a wuya da bayan kunne.

Ina zaure na ji salatin Innarku. Kafin in iso fuskarta ta fara tashi. Ba ta nemi gwangwanin ba, a lokacin ban lura da haka ba. Ta zauna a ƙasa ta riƙe cikinta da hannu biyu. Na ɗauke ta. Rabon da in taɓa ta tun tana cikin zanen goyo, shi ma a ɓoye. Ban san ina da ƙarfin ba. Na fita da ita a guje zuwa bakin ruwa, Innarku tana biye ba mayafi. Haladu ne ya gan mu, ya jefar da abin da ke hannunsa ya riga mu isa yana ƙwala wa Gambo kira, shi Haladun ya kama ƙafafunta muka sa ta a kwalekwale, ya karɓi gorar tura jirgi ɗaya.

Gambo bai bi kogi ba. Ya ce in an bi hanya sai an yi awa biyu. Ya miƙe ta kan gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, ta kan tawa, ta kan tasa, ina jin kan shinkafa yana karta cikin jirgin. Shi da Haladu suna ta tura gora. Ruwan da ya hana mota zuwa shi ya ba mu gajeriyar hanya.

A tsakiya numfashinta ya koma kamar ana busa ƙaramin kara. Leɓunanta suka yi duhu. Idanunta sun rufe don kumburi. Innarku tana kiran ta da sunan da take kiran ta, 'Yar Baba, 'Yar Baba, ba ta amsa ba. Kanta ya fara langaɓewa a kan cinyata. Yakubu, sai na ji bakina ya buɗe. Na ce Rahmatu. Na faɗa da ƙarfi har Gambo ya waigo. Na ce Rahmatu, ni ne, ki ja numfashi. Na ce Rahmatu, ni na kwashe maganinki, na zuba wa fara, ki tashi ki yi fushi da ni. Ban san sau nawa na kira ba. Yanzu ma da na rubuta sunan hannuna rawa yake yi. Shekara talatin da ɗaya yana cikin bakina. Ta matse yatsana.

Sista Rifkatu tana tsaye a baranda ta hango mu. Ba ta jira an fito da ita ba, ta shigo ruwa har gwiwa da allurar a hannu, ta caka mata a cinya ta kan zane a cikin kwalekwalen. Ta ce da mu, ku matsa ku ba ta iska, kai Baba ka daina kuka a kanta. Bayan ɗan lokaci ta ƙara wata. Kafin azahar busar nan ta ragu, kafin la'asar ta buɗe ido ɗaya ta nemi ruwa.

Ita ta tsira, alhamdu lillahi. Amma abin da ke cikin bai motsa ba tun jiya. Da can, in ji Innarku, ba ya barin ta ta zauna don shure-shure. Sista ta kafa wani ƙaho na ƙarfe a kan cikin ta sa kunne, ta daɗe. Ta ce tana jin bugu, amma can ƙasa-ƙasa, ba za ta yi mini alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Ta ce in bai motsa ba zuwa gobe da safe, sai Gambo ya kai su babban asibiti ko ruwa ya yarda ko bai yarda ba. An aika wa Malam Haruna.

Ina zaune a baranda. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in dubi fuskarsa. Haladu bai koma gida ba, yana can gefe ya haɗa kai da gwiwa. Ɗazu ya ce, Malam Abdu, ni ne na yaɗa. Na ce ni ne na buɗe gwangwanin.

In wannan ya zube, na huɗu ke nan, kuma da hannuna. Ban san da wane ido zan dubi Malam Haruna ba.

Gambo zai tafi, dole in naɗe.

Mahaifinka.

Tudun Kanya,
16 ga Oktoba, 1988.

Zuwa ga ɗana Yakubu, kawun amarya,

Gaisuwa irin ta wanda aka yi wa kyautar da bai cancanta ba. Ina fata kana lafiya. Na san wayar tangarahu da Malam Haruna ya buga maka ta isa, amma kalma shida ba za ta ishe ka ba, ni ma ba ta ishe ni ba.

Ranar Asabar, washegarin takardata ta ƙarshe, Gambo ya riga ya ɗaure jirgi a bakin baranda za a tafi babban asibiti, sai muka ji Yayarka ta ce wash. Innarku ta fito da gudu tana dariya tana hawaye, ta ce ya shure ta, ya shure ta har zane ya motsa. Na yi sujada a cikin taɓo. Suka zauna a tsallake sati uku, ranar huɗu ga Satumba ta sauka a hannun Sista Rifkatu. Mace ce. An sa mata sunan mahaifiyar Malam Haruna, don haka muna kiran ta Zinariya. Shekaranjiya aka yi arba'in. Tana da hancinka, Allah ya ba ta haƙuri.

Wasiƙunka biyu sun iso tare bayan ruwa ya janye, da sabon gwangwani. Layin farko na ta farin ka rubuta da manyan baƙaƙe, BABA KADA KA TAƁA MAGANIN YAYA. Na yi dariya har na share ido. Na gane bayaninka. Mai fiton ɗaya ne, amma mashigin da yake sauka a jikin mutum daban, na idon fara daban, ƙwayar kuma mashigin mutum aka yi ta ta tare. Ka ce tambayar tawa ba ta wauta ba ce, ku ma sai da kuka gwada magunguna iri-iri a kan jijiyar kafin ku san haka, kuma a ta biyun ka ce malaminka ya ce wanda ya gano kuskuren inuwa da kansa ya iya aikin. Ka gode masa. Amma ku ba ku gwada da maganin 'yarku ba. Na karanta wasiƙun a ƙofar masallaci bayan Juma'a, Haladu ne ya tsaya kusa da ni yana cewa ku saurara, ku saurara. Har yanzu akwai masu cewa rowa ce.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da gwangwanin ya zo, na miƙa wa Innarku ta kai mata. Ta ce a'a, wanda ya ɗauka shi zai mayar. Na tsaya a ƙofar ɗakin na yi gyaran murya kamar baƙo. Yayarka tana zaune da jaririyar, ta sunkuyar da kai za ta juya baya yadda ta saba. Na ce ga maganinki, talatin ne, na ƙirga. Ta karɓa da hannu biyu. Sai ta yi magana, kanta a ƙasa. Ta ce, Baba, ai na sani tun kafin Sallah. Ta ce kullum da safe tana buɗe shi, ranar da ta ga tsakuwa ta gane, don ta hango ni da kwandunan. Ta ce kwana ashirin tana tsoron fita tsakar gida, amma ta rasa yadda za ta tambaye ni, ba ta kuma so Innarku ta ji ta yi mini faɗa. Yakubu, mu uku a gida ɗaya, kowa ya sani, kowa yana rufa wa wani. Da ɗayanmu ya buɗe baki da tuni tana tsallake kafin rina ta same ta. Na tuna jijiyar nan ta idon fara da take gane haske da shiru. Namu shirun bai kai wa kowa saƙo ba.

Ta ce a cikin jirgin ta ji ana kiran sunanta da muryata, ta ɗauka ta riga ta mutu ne, don a duniya ba ta taɓa ji ba. Sai ta ce bari dai ta ja numfashi ta tabbatar. Tun ranar nake kiran ta da sunanta. Tsofaffin garin nan suna cewa boko ya lalata Abdu a tsufansa. Innarku ma takan rufe baki in ta ji. Ban daina ba.

Jiya da hantsi ta kawo mini amaryar tawa zaure da kanta, ta ɗora mini a cinya. Na ce da jaririyar, ke mummuna, kin kusa kashe mijinki da jira. Abin da yake cina a rai tun ranar kwalekwale shi ne ko wahalar nan ta taɓa ta a wani wuri da ba a gani. Sista ta ce lafiyarta ƙalau, amma ka san ni. Na fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, ba cikin inuwa ba, wannan karon na kula. Na ɗaga tafin hannuna a kan fuskarta, na tafi da shi dama a hankali. Idanunta suka bi shi. Na dawo da shi hagu, suka biyo. Sau uku na yi. A na huɗu ta gaji da ni ta tsala ihu, uwarta ta ce, Baba, ba fara ba ce.

Gero ya yi rabi, shinkafa ta tafi, ba mu damu ba. Innarku tana gaishe ka, Gambo da Haladu suna gaishe ka, Sista Rifkatu ta ce in ka dawo ka biya ta ga likitan ƙwarin da ya ƙarar mata da magani. Rahmatu tana gaishe ka. Ka ga na rubuta, hannun bai yi rawa ba.

Ka gama ka dawo, goron albishir yana kanka.

Ni ne mahaifinka, kakan Zinariya,
Abdulwahid.